Rufe Ƙofar Ƙwaƙwalwa Bayan An Buɗe Ta: Nasiha ga Dutse da Kewayenta

Daga cikin abubuwan al'ajabi da ilmin likitanci ya zo da su a wannan zamani, kaɗan ne suka kai wannan girma, cewa a yau likita yana iya kaiwa ga ƙarin da ya tsiro a ƙarƙashin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba tare da ya aske kan majinyaci ko ya tsaga ƙoƙon kansa ba, sai dai ya bi ta kafar hanci da wani siririn bututu mai fitila da madubi a bakinsa, wanda ake kira endoskof, yana kallon hanyarsa a allon talabijin, har ya ciro abin da ya je cirowa, majinyaci ya farka babu tabo ko ɗaya a fuskarsa. Duk wanda ya ji wannan labari, shigar ce take ba shi mamaki, kuma yana da uzuri. Amma ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne fitar, domin duk ƙofar da likita ya buɗe tsakanin hanci da ƙwaƙwalwa, wajibi ne ya rufe ta rufewa mai inganci, kuma wajibi ne a samu masu tsaron wannan rufi har ya warke. In kuwa aka rasa ɗaya daga cikin biyun nan, to, aikin da aka yi wa kirari da safe yana iya zama sanadin makoki bayan mako biyu.

Domin mai karatu ya fahimci mas'alar, sai ya ƙaddara kansa soro ne mai bene. Ƙwaƙwalwa tana zaune a ɗakin sama, hanci da kogunansa da ramukan idanu suna ɗakin ƙasa, tsakaninsu kuma akwai daɓe guda, wanda shi ne rufin na ƙasa, shi ne kuma shimfiɗar na sama. Wannan shi ne gindin ƙoƙon kai. Ubangiji, cikin hikimarsa, ya yi wannan daɓe da kauri a wasu wurare, a wasu kuma ya yi shi siriri ƙwarai, musamman daidai rufin hanci inda jijiyoyin jin ƙamshi suke ratsawa ta ƙananan huduji, ya kuma shimfiɗa masa tantani mai ƙarfi daga ciki, wanda yake riƙe ruwan da ƙwaƙwalwa take ninƙaya a cikinsa. Wannan ruwa garai-garai yake, adadinsa a jikin baligi bai wuce kimanin mililita 150 a lokaci guda ba, amma jiki yana samar da kusan mililita 500 a kowace rana, yana sabunta shi sau uku ko huɗu tsakanin safiya da safiya, saboda haka idan tantanin ya huje, ruwan ba ya ƙarewa balle hujin ya bushe ya haɗe cikin sauƙi. Ɗakin sama tsarkakakke ne daga ƙwayoyin cuta, ɗakin ƙasa kuwa matattararsu ce, kuma magabata sun riga sun faɗa cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Hanyar da ruwa ya bi ya sauko, ita ƙwayar cuta za ta bi ta hau, abin da zai biyo baya kuwa shi ne sanƙarau.

Ba sai an yi wa mutumin ƙasar Hausa dogon sharhi a kan sanƙarau ba. Annobar shekarar 1996 ta kama fiye da mutum dubu 100 a Nijeriya, ta kashe fiye da dubu 11, mafi yawansu a Arewa, kuma a watan Maris na 2024 Jigawa tana cikin jihohin farko da aka kai wa sabuwar allurar rigakafin nan mai kare mutum daga nau'o'i biyar na ƙwayar da take haddasa annobar. Sai dai ya kamata a sani cewa sanƙarau da yake shiga ta hujin gindin ƙoƙon kai, galibi wata ƙwaya ce dabam take kawo shi, wadda take zaune a hanci da maƙogwaron mutum lafiyayye, kuma ita ce take yawan haddasa ciwon huhu. Shi wannan ba ya jiran bazara, ba ya zuwa da annoba, allurar gangami ba ta tare shi, kuma yana iya kama mutum a yi magani ya warke, bayan wata shida ya dawo, har sau uku ko huɗu, alhali dangi suna cewa jifa ne ko iska, sababin kuwa huji ne da bai kai faɗin farce ba.

Wannan hanya ta hanci ba jiya aka fara bin ta ba. A shekarar 1907 wani likita mai suna Hermann Schloffer, a birnin Innsbruck na ƙasar Ostiriya, ya fara cire ƙarin fituwitari ta hanyar hanci. Fituwitari kuwa wata 'yar tsoka ce da take zaune cikin wani gurbi a tsakiyar gindin ƙoƙon kai, tana sarrafa girman jiki da haihuwa da shayarwa da ma'aunin ruwa. A 1910 Oskar Hirsch a Biyana da Harvey Cushing a Amurka suka kyautata hanyar, amma saboda duhun wurin da ƙuncinsa, Cushing da kansa ya bar ta daga baya ya koma fasa ƙoƙon kai, duniya kuma ta bi shi. Da ilmin ya mutu, ba don almajirinsa Norman Dott ya riƙe shi a Edinbara ba, shi kuma ya koyar da Gerard Guiot na Faransa, Guiot ya koyar da Jules Hardy na Kanada, wanda ya shigo da madubin ƙara girma cikin aikin. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya san ƙimar silsila, ya san cewa akwai ilmin da ba ya tsayuwa sai an karɓe shi daga hannu zuwa hannu, kuma tiyata tana sahun gaba a irin wannan ilmi. A 1997 ne likitoci biyu a birnin Pittsburgh, Hae-Dong Jho masanin tiyatar ƙwaƙwalwa da Ricardo Carrau masanin kunne da hanci da maƙogwaro, suka bayyana sakamakon aikin da suka yi wa majinyata 50 da endoskof zalla, daga nan kuma hanyar ta bazu.

To, a nan ne mushkila ta bayyana. Da likitoci suka ga sun iya shiga, sai suka faɗaɗa ƙofar, suna cire manyan ƙari daga wuraren da a da ba a isa gare su sai da babbar fiɗa, amma da suka zo rufewa, sai facin da suke yi da guntun kitse ko tantani ya riƙa kasa riƙe ruwan, har ya zama a irin waɗannan manyan ayyuka fiye da majinyaci 20 cikin kowane 100 suna samun yoyon ruwan ƙwaƙwalwa bayan tiyata. Masu sukar hanyar suka samu hujja, kuma hujjarsu gaskiya ce. Warakar ta zo a shekarar 2006 daga birnin Rosario na ƙasar Ajantina, inda Gustavo Hadad da Luis Bassagasteguy suka fito da wata dabara: a ɗaye fatar da ta lulluɓe shamakin da ya raba kafofin hanci biyu, a bar ta manne da jijiyar jinin da take ciyar da ita daga baya, sa'an nan a juya ta a shimfiɗa a kan hujin. Tun da faci ne mai rai, wanda jini yake gudana a cikinsa, sai ya kama ya haɗe da wuri, yoyon kuma ya sauko zuwa kusan 5 cikin 100 a hannun ƙwararru.

Akwai wani sirri a cikin wannan dabara da nake son hukumomi su yi tadabburi a kansa fiye da likitoci. Wannan fata galibi tun farkon aiki ake ɗaye ta a ajiye ta gefe, kafin a taɓa ƙashi, domin idan likita ya yi gaggawar fasa hanya, zai iya yanke jijiyar da take ciyar da ita, in ya zo rufewa ya tarar babu abin rufewa. Gwani tun bai shiga ba ya riga ya san yadda zai fita, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Yana rufewa ne hawa-hawa: kitse daga cikin majinyaci domin cike gurbi, tantani mai ƙarfi daga cinyarsa domin maye gurbin wanda ya huje, sa'an nan fatar hanci mai rai a bisa, a tallafe ta da auduga ta musamman na 'yan kwanaki, wani lokaci kuma a sa siririn bututu a gadon baya domin rage matsin ruwan har facin ya kama. Mai karatu zai lura cewa mafi muhimmancin kayan aikin nan daga jikin majinyacin suke fitowa, Allah ya riga ya ajiye su kyauta. Abin da yake da tsada shi ne hannun da ya san yadda za a ɗebo su, da idon da zai tsaya a kansu bayan an gama.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Kiyawa ko Jahun ko Buji da abin da ake yi a Pittsburgh da Rosario? Ruwansa babba ne, ta fuska uku. Ta farko, mafi rinjayen masu yoyon ruwan ƙwaƙwalwa a duniya ba tiyata ce ta jawo musu ba, rauni ne a ka, kuma duk wanda ya ga yadda babura suke ɗaukar mutum uku ko huɗu ranar kasuwar Shuwarin, babu mai hular kwano ko ɗaya, ya san cewa karayar gindin ƙoƙon kai ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Alamunta sanannu ne: baƙin zobe kewaye da idanu biyu, taruwar jini a bayan kunne, da ruwa ko jini mai ruwa-ruwa daga hanci ko kunne. Yawancin irin wannan yoyo yana tsayawa da kansa cikin mako guda ko kwana goma idan an kwantar da mutum an kula da shi, amma wanda ya ƙi tsayawa sai an yi masa faci, kuma tun bayan da Malte Wigand na Jamus ya nuna a 1981 cewa ana iya yin facin ta hanci, nasararsa ta haura 90 cikin 100 a karon farko. Ta biyu, ƙarin fituwitari yana nan a cikinmu, yana ɓuya a bayan wasu sunaye: magidancin da ganinsa na gefe yake raguwa har yana karo da mutane a kasuwa, matar da al'adarta ta ɗauke nono yana zuba ba ta da goyo, ana yi mata gorin rashin haihuwa, da wanda hannuwansa da ƙafafunsa da haɓarsa suke ta girma bayan ya manyanta. Wasu daga cikinsu ƙwayar magani kaɗai ta ishe su, wasu kuwa sai tiyata. Ta uku, akwai waɗanda ruwan yake ɓalle musu ba rauni ba tiyata, galibi mata masu matsakaitan shekaru da ƙiba, saboda matsin ruwa ya yi yawa a cikin kai.

Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta 1991, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da miliyan 4, ta samu Jami'ar Tarayya a Dutse a 2011, asibitin Rasheed Shekoni ya zama na koyarwa, ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Kusa da mu akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, gaba kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Sakkwato. Amma likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Nijeriya baki ɗaya, a 'yan shekarun nan, ba su kai 200 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, saboda haka babu makawa ɗan Gwaram ko ɗan Miga da yake buƙatar irin wannan aiki ya yi tafiya mai nisa, a yi masa, ya kwana 'yan kwanaki, a sallame shi. Facin da aka yi masa kuwa yana buƙatar makonni kafin ya yi ƙarfi, kuma waɗannan makonni a ƙauyensu zai yi su, nesa da likitan da ya yi aikin. Ma'anar wannan ita ce, ko da a Kano ko Sakkwato ko Alƙahira aka yi tiyatar, rabin amanar rufin tana wuyanmu a nan gida, a hannun malamin asibitin ƙauye, da mai kemis, da liman, da uwar gida.

Farkon abin da ya wajaba a yaɗa shi ne bambanci tsakanin wannan ruwa da majinar mura. Ruwan ƙwaƙwalwa fari ne tas, ba ya kauri, ba ya yauƙi, galibi ta kafa ɗaya yake fitowa, yana ƙaruwa idan mutum ya sunkuya, har mai shi ya lura cewa duk lokacin da ya yi ruku'u ko sujada sai ya ɗiga a kan darduma. In ya gangara maƙogwaro yana da ɗanɗanon gishiri, kuma sau da yawa yana tafe da ciwon kai mai tsananta idan an miƙe, mai sauƙi idan an kwanta. Duk wanda ya ga wannan bayan haɗari ko bayan tiyatar hanci ko ta ka, kada ya tsaya a kemis ya sayi maganin mura, ya tari ɗigon a kwalba mai tsabta ya nufi babban asibiti, domin akwai gwajin da yake tabbatar da asalin ruwan, akwai kuma hoton CT da yake nuna wurin hujin. In kuwa zazzaɓi ya shigo, da sandarewar wuya, da ƙin haske, da rikicewar hankali, to, ba a jiran wayewar gari. Haka nan ya kamata kowane ma'aikacin jinya a jihar nan ya haddace cewa ba a cusa bututun ciyarwa ta hancin wanda gindin ƙoƙon kansa ya karye ko aka yi masa wannan tiyata, domin an sha samun bututun ya bi ta hujin ya shige cikin ƙwaƙwalwa. Wanda aka taɓa masa fituwitari kuma, idan ya kama yawan fitsari da ƙishirwar da ba ta yankewa, ko kasala da amai da jiri bayan kamar mako guda, ma'aunin ruwa da gishirin jikinsa ne ya karkace, gwajin jini mai sauƙi yana gano shi, jinkiri kuwa yana kisa, balle a zafin bazarar Jigawa.

A nan ne nake miƙa kokon barata ga malamanmu, domin akwai wani ɓangare na jinyar nan da likita ba zai iya shi kaɗai ba. Likita zai ce wa majinyaci kada ya fyace hanci, kada ya shaƙi ruwa da ƙarfi, kada ya sunkuyar da kansa na wasu makonni, saboda fyacewa tana iya ɗaga facin ko ta tura iska cikin ƙoƙon kai. Majinyaci zai ce to, amma da ya isa gida aka kira salla, sai tsoron Allah ya sa ya shaƙa ya fyace a alwala, ya kai goshinsa ƙasa sau da yawa a yini, yana ganin barin haka tauye addini ne. Alhali duk ɗalibin da ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala ya san cewa a mazhabar Imamu Malik shaƙa ruwa da fyacewa sunnonin alwala ne, ba farillanta ba, alwala tana inganta ba tare da su ba. Ya san cewa wanda sujada za ta cutar da shi yana yin salla da nuni, a zaune ko yadda ya sawwaƙa. Ya san kuma cewa marar lafiya yana da rangwamen ajiye azumi ya rama. Kiyaye rai da kiyaye hankali suna cikin manyan manufofin shari'a, wannan rauni kuwa yana barazana ga dukansu biyu a lokaci guda. Fuƙaha'unmu ba su jahilci haɗarin wurin ba, tun da sun jera raunukan kai daraja-daraja, suka hukunta sulusin diyya a kan raunin da ya kai ga tantanin ƙwaƙwalwa. Idan limamin unguwa ya ziyarci majinyaci ya gaya masa da bakinsa cewa karɓar sassaucin nan shi ma biyayya ce ga Allah, zuciyarsa za ta natsu fiye da yadda takardar asibiti za ta natsar da ita.

Sauran amanar tana wuyan iyali. Wanda aka yi wa faci ba ya ɗaukar buhu, ba ya jan guga, ba ya sunkuyawa noma, mace ba ta daka ba ta surfe, har sai likita ya ba da izini. In atishawa ta zo a buɗe baki a sake ta, kada a danne. A ba shi ruwa da ganye da abin da zai tausasa ciki, domin yunƙurin bayan gida yana ƙara matsin ruwan kai. A lokacin hunturu, da ƙura take busar da hanci har ya yi ɓawo, a bi umarnin likita wajen wanke shi a hankali da ruwan gishirin da aka tafasa ya huce, kada a sa yatsa ko tsinke. Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne magungunan shaƙe da hayaƙi da ɗige-ɗigen da masu ƙauna suke kawowa domin ciwon kai. Ba na raina wanzamai da masu magani, waɗanda suka ɗauki nauyin lafiyar al'umma ƙarnuka kafin a gina asibiti, kuma addu'a da tofi ba sa cutar da faci. Amma garin magani da aka busa cikin hancin da yake da ƙofa zuwa ƙwaƙwalwa guba ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Na san akwai mai cewa, jihar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wurin haihuwa suke addabarta, bai kamata ta shagala da tiyatar da mutum ƙalilan suke buƙata ba. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba na neman a ɗebe kobo ɗaya daga rigakafin yara a sayi endoskof. Amma jawabinta yana Jahun. Tun 2008 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, tare da gwamnatin jiha, take gyaran yoyon fitsari a babban asibitin garin, aikin da yake buƙatar hannu mai laushi da jinya mai tsawo da horo mai zurfi, kuma mata daga ƙauyuka masu nisa sun samu waraka a can suka koma cikin danginsu da mutuncinsu. Abin da ya tsayar da wannan aiki shi ne ƙwararrun da suka dawwama a kansa, da ma'aikatan jinya da suka san abin da za su lura da shi, da hanyar kawo majinyaci da mayar da shi. Ƙasar da ta iya wancan, za ta iya wannan, in an bi shi da tsari.

Tsarin kuwa, a ra'ayina, daga ƙasa yake farawa. A fara da koyar da alamun nan ga ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse da sauran jihar, abin da bai wuce darasin yini guda ba. A tabbatar da cewa na'urar hoton CT a Dutse da Birnin Kudu tana aiki dare da rana, da wutar da ba ta yankewa da injiniyan da zai gyara ta. A ƙulla yarjejeniya rubutacciya da asibitocin da ake tura majinyata, ta yadda duk wanda aka sallamo zai dawo da takarda mai bayanin abin da aka yi masa, da Hausa a boko da ajami, da lambar wayar da za a kira, kuma a samu likitan hanci a Dutse da zai riƙa leƙa facin yana share ɓawon, domin kada talaka ya riƙa biyan kuɗin mota zuwa Kano saboda duba na minti goma. Bayan haka a tura matasan likitoci su biyu-biyu, na hanci da na ƙwaƙwalwa, tare da likitan sa barci da ma'aikatan jinya, su koyo a matsayin ƙungiya guda, su fara da gyaran ƙananan huduji na masu haɗari, sa'an nan ƙarin fituwitari, sa'an nan abin da ya fi haka. Kada wani asibiti ya karɓi izinin buɗe gindin ƙoƙon kan ɗan Adam sai ya nuna cewa ya iya rufe shi, kuma ya iya komawa ciki da tsakar dare in rufin ya ɓalle. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha da masu rabon zakka da wakafi su sa wannan jinya cikin lissafinsu, tun daga hoto har zuwa zuwan duba na ƙarshe, domin sau da yawa kuɗin iyali yana ƙarewa a ranar tiyata, a bar makonnin da suka fi haɗari babu guzuri. Hular kwano kuma a mayar da ita doka mai aiki, domin ita ce mafi arhar duk abin da na lissafa.

Wannan ba baƙon aiki ba ne ga al'ummar Musulmi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya keɓe juzu'i na talatin na littafinsa At-Tasrif ga tiyata, ya zana kayan aikinta, ya kuma gargaɗi almajiransa cewa wanda bai san sassan jiki ba zai kashe mutane da wuƙarsa. Imamu Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, ya yi ƙorafin cewa gari yakan cika da masu fiƙihu ba a samu likita Musulmi ko ɗaya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya rubuta risaloli a kan magani, har da na basir da na ciwon ido. A Nijeriya kuwa, Latunde Odeku ya baro Amurka ya dawo Ibadan a 1962 ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko, a lokacin da zamansa a can ya fi masa riba. Farillar kifaya, kamar yadda malamai suka bayyana, idan wasu suka tsaya da ita ta faɗi daga kan saura, in kuwa kowa ya bari, zunubi ya hau kan duk mai iko. Masu iko a wannan mas'ala sanannu ne: gwamnati mai kasafi, jami'a mai ɗalibai, masarauta mai faɗa a ji, attajirai masu dukiya, da malamai masu mumbari. Ina roƙon kowannensu ya ɗauki kasonsa tun yanzu, ya kuma kyautata wa matasan likitocinmu albashi da kayan aiki da mutunci, domin waɗanda muka horar su zauna su horar da na bayansu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar da ya ɗora musu.